Daga Akwatin Link Zuwa Jirgin Dala 50: Tarihin Da Zai Taimake Ka Zaɓi Ƙaramin Jirgi A Simuleta

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama karatu suka fi so.

Yau sama za mu tashi, amma daga cikin ɗaki. Matasanmu da dama sun shiga harkar simuleta, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Wasu don nishaɗi suke yi, wasu kuwa burinsu wata rana su zauna a kujerar matuƙi da gaske, kuɗin makaranta ne bai samu ba tukuna. Duk wanda ya ɗan jima a harkar, akwai ranar da jiragen da suka zo da manhajar za su daina isar sa, ya fara leƙa kasuwar jiragen ƙari, waɗanda wasu kamfanoni daban suke ƙerawa, a saya a ɗora wa manhajar. Nan tambaya take tasowa: cikin ƙananan jiragen nan masu farfela ɗaya, wanne ya fi kama da na gaske? Masu kyau a cikinsu sukan kai dala 30 zuwa 50. Ku buga lissafin da canjin yau, za ku ga ba kuɗin da ɗalibi zai jefa a rijiya ba ne.

Amsar da zan bayar tana cikin tarihi, domin tambayar ta girmi kwamfuta. Tun ranar da aka ƙera simuleta ta farko ake wannan gardamar: abin wasa ce ko abin koyo?

Mu koma shekarar 1929, garin Binghamton a jihar New York ta Amurka. Akwai wani saurayi Edwin Link, mahaifinsa yana da masana'antar ƙera fiyano da ogan, kayan kiɗan nan da ke aiki da iska. Link yana mutuwar son tuƙin jirgi, amma kuɗin darasi ya fi ƙarfin aljihunsa. Kun ga dai matsalar ba yau ta fara ba. Sai ya shiga shagon babansa ya ɗebi zugazugi, irin dai na maƙeranmu amma na cikin ogan, da famfunan iska, ya haɗa wani ɗan akwati mai guntayen fukafukai a kan gindi. Ka shiga ciki ka ja sanda, zugazugan su hura ko su saki iska, akwatin ya karkata, ya ɗaga hanci, ya juya.

Su wa suka fara saye? Masu wuraren wasan yara. Ana jefa kwabo a hau, a yi dariya a sauka. Sojoji da kamfanonin jirage ko kallo bai ishe su ba.

Abin da ya canja labarin shi ne mutuwa. A watan Fabrairun 1934 Shugaba Roosevelt ya soke kwangilolin da kamfanoni ke ɗaukar wasiƙu da su ta sama, bisa zargin an yi cuwa-cuwa wajen rabon su, ya ce sojojin sama su karɓi aikin. Matuƙan sojan nan sun iya tuƙi, amma da rana suka saba, sama tana garau. Wasiƙa kuwa ba ruwanta da dare ko dusar ƙanƙara. Cikin kwana 78 sojoji sama da goma suka rasu a haɗurra. Sai manyan hafsoshi suka tuna da akwatin nan, suka gayyaci Link zuwa filin jirgin Newark. Ranar aka tashi da hazo mai kauri, har sun cire rai da zuwansa, sai ga shi ya sauko da jirginsa daga cikin hazon, da agogunan gabansa kawai ya yi amfani. Nan take aka fahimci abin da yake sayarwa. Suka sayi guda shida, kowanne a kan kimanin dala 3,500. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera sama da 10,000, matuƙa fiye da 500,000 suka yi horo a cikinsu.

Yanzu ku lura da wani abu. Akwatin Link ba shi da hoto ko kaɗan. Rufe ka ake yi da murfi, babu sama babu ƙasa, sai agoguna da muryar malami a kunne. Amma ya ceci rayuka, domin ƙaryar da jiki yake yi wa mutum ita yake magancewa. Idan ka shiga gajimare, abin da ke cikin kunnenka mai gaya maka ka miƙe ko ka karkata yakan rikice, ka ji kamar kana tafiya daidai alhali jirgi yana juyawa yana yin ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agoguna ba, aka toshe musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne. Ko minti uku ba su cika ba. To kun ga, ma'aunin simuleta ta farko ita ce ko tana nuna maka sakamakon kuskurenka kafin sama ta nuna maka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai mu zo kan jiragen su kansu, domin ba za ka gane kwaikwayo mai kyau ba sai ka san na asali. Jirgin da kowa yake farawa da shi shi ne Cessna 172. Ya fara tashi a 1955, aka fara sayar da shi a 1956. Dabarar kamfanin mai sauƙi ce: sun ɗauki tsohon jirginsu mai lamba 170, wanda ƙaramar tayarsa take jela, suka mayar da tayar gaba, sai sauka ta yi wa ɗan koyo sauƙi. Zuwa yau an ƙera sama da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a tarihi. Juriyarsa kuwa, daga 4 ga Disambar 1958 zuwa 7 ga Fabrairun 1959 wasu mutum biyu, Robert Timm da John Cook, sun yi kwana 64 da awa 22 a sama a yankin Las Vegas ba su sauka ba. Sukan yi ƙasa-ƙasa a bisa wani miƙaƙƙen titi, mota tana gudu a ƙarƙashinsu tana tura musu mai ta tiyo. A ranar 28 ga Mayun 1987 kuma wani yaro Bajamushe ɗan shekara 18, Mathias Rust, ya taso da irinsa daga Helsinki ya ratsa tsaron Tarayyar Sobiyet ya sauka a tsakiyar Mosko.

Abin da ya shafi mai saye a nan shi ne, 172 ba jirgi ɗaya ba ne. A 1986 Cessna ta daina ƙera shi saboda yawan ƙararrakin diyya da ake kai kamfanonin jirage kotu. Sai da aka yi wata doka a 1994 da ta taƙaita irin waɗannan ƙararraki, sannan aka dawo da aikin bayan kusan shekara goma. Galibin jiragen da aka yi kafin wannan hutun suna da kafireto, kamar tsofaffin motocinmu. Na bayan hutun kuwa injin yana fesa mai kai tsaye. Daga 2005 aka fara sa musu allon Garmin G1000 a madadin zagayayyun agoguna shida na da. Bambancin ba ƙarami ba ne. Kafireto yana iya yin ƙanƙara a cikinsa ko da rana ce mai ɗumi, muddin akwai laima a iska, injin ya riƙa shaƙewa a hankali har ya mutu idan matuƙi bai tura masa iska mai zafi ba. Saboda haka idan mai sayarwa ya ce maka ga 172, tambaya ta farko ita ce: na wace shekara, da wane inji? Wanda bai rubuta wannan a tallarsa ba, ka san fenti yake sayarwa.

Yadda jirgin ya shiga ɗakunan mutane kuwa, a Jami'ar Illinois ɗin nan aka fara. Wani ɗalibin injiniya, Bruce Artwick, ya yi bincikensa a kan yadda kwamfuta za ta zana abin da matuƙi yake gani. Shi da abokinsa Stu Moment, wanda matuƙi ne, suka kafa kamfanin subLOGIC, wajen 1980 suka fitar da simuleta a kan kwamfutar Apple II. Duniyar cikinta layuka ne kawai, duwatsu kamar zanen ɗan firamare. A watan Nuwambar 1982 Microsoft ta fitar da tata a kan kwamfutar IBM, kuma jirgin da ke ciki ƙaramin jirgi ne, Cessna 182. Wato Flight Simulator ya girmi Windows da shekara uku. Hoto ba wani abin a zo a gani, amma agogunan suna aiki, har za ka iya bin tashoshin rediyo daga gari zuwa gari kamar yadda matuƙan gaske suke yi. Jinin akwatin Link ne a jikinsa.

Daga fitowa ta huɗu a 1989 aka fara bai wa mai amfani damar taɓa fasalin jirgi. Da intanet ta yaɗu, mutane suka riƙa ƙera jirage suna rabawa kyauta, daga baya abin ya zama sana'a. A gefe guda kuma, a 1995 wani injiniya Austin Meyer ya fito da X-Plane da wata hanya daban. Manhajar Microsoft ta wancan lokacin tana duba jadawalin lambobi ne: a gudu kaza da karkata kaza, jirgi zai yi kaza. Ta Meyer kuwa tana yanka fiffike da farfela gunduwa-gunduwa, ta lissafa ƙarfin iska a kan kowace gunduwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, sannan ta haɗa. Har yau magoya bayan ɓangarorin biyu suna musu kamar 'yan ƙwallo. Gaskiyar ita ce kowace hanya tana iya fitar da jirgi mai kyau ko na banza, ya danganta da wanda ya zauna ya yi aikin.

Lokacin da ya fi muhimmanci a tarihin jiragen ƙari, a ganina, shi ne lokacin da uwar gidan ta gudu. Microsoft ta fitar da FSX a 2006, a watan Janairun 2009 ta rufe sashen da ke yin manhajar, ta sallami ma'aikata. Sai a watan Agustan 2020 aka sake ganin sabon Flight Simulator, wanda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya yi mata. Cikin waɗannan shekaru goma sha ɗaya ƙananan kamfanoni ne suka riƙe harkar, kuma a nan kasuwa ta rabu gida biyu. Wasu suka ƙware a ƙyale-ƙyale: kujerun fata, ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, hasken rana a kan gilashi, amma a ƙarƙashi injin nan dai na manhaja ne, ka murɗa makulli ya tashi, ka yi masa duk wulaƙancin da ka ga dama ba zai yi tari ba. Wasu kuma suka ce tunda manhajar ta tsufa, bari mu rubuta namu lissafin a waje mu jona mata. Gardamar 1929 ce ta dawo da sabuwar riga.

Fitacce a gida na biyu shi ne kamfanin A2A Simulations da tsarinsa Accu-Sim. A 2013 suka fitar da nasu 172, daga baya Piper Cherokee, sannan Piper Comanche 250, wanda shugaban kamfanin, Scott Gentile, yake da na gaske yana tuƙawa. A 2023 suka kawo Comanche ɗin cikin sabon Flight Simulator a kan kusan dala 50, kuma har yanzu idan ana maganar ƙaramin jirgi mai kama da gaske, sunansa yana cikin na farko da ake ambata.

Shi ma Comanche yana da nasa tarihin. Kamfanin Piper ya fara sayar da shi a 1958. Fukafukansa a ƙasa suke, tayoyinsa suna naɗewa, injinsa Lycoming mai silinda shida da ƙarfin doki 250. A watan Yunin 1959 Max Conrad ya cika irinsa da tankunan mai ya taso daga Kasabalanka ta Maroko, bai sauka ba sai Los Angeles, mil 7,668. Ƙarshensa kuwa ruwa ne ya kawo. A watan Yunin 1972 guguwar Agnes ta sa kogin Susquehanna ya cika ya shanye masana'antar Piper da ke Lock Haven, kayan ƙira suka lalace, kamfanin bai sake ƙera shi ba. Duk Comanche ɗin da ke tashi a yau ya haura shekara 50. Shi ya sa wanda ya kwaikwaye shi da gaske dole ya kwaikwayi tsufa. A na A2A za ka zagaya jirgin kafin ka hau, ka duba baƙin mai, ka tsiyayi man tanki ka ga ko ruwa ya shiga. Ka bar injin yana aiki a ƙasa da mai fiye da kima, fulogi ya yi datti. Kuma jirgin yana tuna yadda ka bar shi jiya. Duk mai tsohuwar mota ko babur ya san wannan zaman.

Akwai wasu ma. Just Flight ta Ingila tana da jerin Piper PA-28, su Arrow da Warrior, waɗanda ake yabo. A X-Plane akwai 172 na AirfoilLabs, akwai kuma SimCoders masu sayar da ƙarin da ke ɗaukar jirgin da kake da shi ya sa masa lalacewa da kulawa irin ta gaske. Sannan ga FlightGear, manhajar da ake rabawa kyauta tun ƙarshen shekarun 1990, wadda 172P ɗinta ya sha aiki sosai a hannun 'yan sa-kai. Wanda aljihunsa bai kai ba, kada ya raina ta.

To ta yaya za ka gane na ƙwarai? Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ka biya, nemi bidiyon wanda ya tuƙa jirgin daga tayar da inji har sauka, ka bar bidiyon tallar kamfanin. Ga abubuwan da ni nake dubawa.

Na farko, littafi. Kowane jirgin gaske yana da kundin matuƙi mai ɗauke da lambobinsa. Na 172S ya ce ƙarfin doki 180, iyakar nauyi fam 2,550, hawa ƙafa 730 a minti ɗaya a daidai tsayin teku, kuma gudun da ya fi dacewa da hawa not 74. Jirgin ƙari mai kyau yakan zo da nasa littafin, kuma idan ka loda shi ka tashi, lambobin za su zo kusa da waɗannan. Idan cike yake da mutum huɗu amma yana hawa kamar roka, an cuce ka.

Na biyu, ƙafar dama. Jirgi mai farfela ɗaya idan ka ba shi totur duka yakan ja hagu, saboda juyin farfelar da iskar da take turawa tana bugun jela. Dole matuƙi ya taka fedar dama. Jirgin da ya miƙe sak a kan titi ba ka taka komai ba, ko dai ka bar taimakon manhaja a kunne, ko kuma wanda ya ƙera shi bai damu ba.

Na uku, wuta. Injin waɗannan jirage yana da fulogi biyu a kowace silinda, da magneto biyu masu ba su wuta ba tare da batir ba. Kafin tashi a 172S ana kai injin juyi 1,800 a minti, a kashe magneto ɗaya, a ga allura ta ɗan sauka, a mayar, a gwada ɗayan. Duba ko allurar tana motsi. Sannan kana sama ka kashe babban makunnin lantarki. Rediyo zai mutu, amma injin ya kamata ya ci gaba da aiki. Idan ya mutu, mai jirgin mota ya kwaikwaya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafar mu, wato zafi da tudu. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma ta kan tudu, kuma fiffike da farfela da inji duk kaurin iska suke ci. Matuƙa suna da lissafin kai: kowane digiri ɗaya da zafi ya haura ma'aunin da aka saba a wurin, jirgi yana jin kamar an ƙara masa tsayin ƙafa 120. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan kimanin ƙafa 1,560. A rana mai digiri 40 irin ta watan Afrilu, jirgi zai ji kamar yana kusan ƙafa 5,000. Filin Jos yana kan kimanin ƙafa 4,200, a digiri 30 sai ya koma kamar 7,000. Irin wannan injin kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Duka filayen biyu suna cikin manhajojin nan. Ajiye jirginka a Legas da sanyin safiya ka ga tsawon titin da ya ci kafin ya ɗaga, sannan ka kai shi Jos da tsakar rana. Ya kamata ya yi nauyi, ya ci titi, ya hau da ƙyar, har sai ka ja jar sandar nan ka rage masa mai ya daidaita da iskar da ta rage. Daga nan ka saukar da nisan gani zuwa irin na hazon hunturu, ka ga ko agogunan za su iya kai ka gida.

Na biyar, ladabtarwa. Rage gudu a hankali kana ɗaga hanci har fiffike ya daina ɗaukar jirgin. Kana jin ƙaho yana kuka kafin nan? Jirgin yana karkarwa? Idan ƙafarka ba ta daidaita ba, fiffike ɗaya yana faɗuwa? Wannan shi ne darasin Link kai tsaye. Jirgin da ba ya hukunta kuskure, kuskuren yake koya maka.

Bayan waɗannan, ka duba abubuwa biyu na kasuwa. Jirgin na wace manhaja ce, domin na X-Plane ba ya aiki a Flight Simulator, kuma na 2020 ba lallai ya zauna lafiya a na 2024 ba sai kamfanin ya faɗa. Sannan yaushe suka yi masa gyara na ƙarshe? Tarihin 2009 ya nuna mana kamfani yana iya tafiya ya bar ka da kaya. Mu da muke sayen data da awo, mu tuna cewa sababbin Flight Simulator daga intanet suke jawo duniyarsu, musamman na 2024, alhali X-Plane da FlightGear idan ka sauke su suna aiki ba tare da ita ba.

Wanne zan ce ka saya? Ya danganta da inda ka dosa. Idan sabon shiga ne kai, kada ka fara da Comanche. Yana da sauri, ga tayoyin da za ka manta ba ka sauke ba, ga sandar farfela ta daban. Babu makarantar da take fara ɗora ɗalibi a kan irinsa. Zauna da 152 ko 172 ɗin da ya zo da manhajarka har ka iya zagaye fili ka sauka sau goma a jere ba ka yi tsalle ba. Idan kuɗin abu ɗaya kake da shi, sandar tuƙi da fedar ƙafa sun fi sabon jirgi amfani, domin duk kyan lissafin jirgi, da madannan kwamfuta ba za ka ji shi ba.

Idan kuma makaranta kake hari, ka bi jirgin makarantar. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana koyarwa da Tampico TB-9 ƙirar Faransa, a 'yan shekarun nan kuma ta kawo jiragen Diamond, ciki har da DA40 NG. Shi wannan injinsa irin na dizal ne, man manyan jirage yake sha, sanda ɗaya ce take sarrafa ƙarfinsa, kwamfuta tana yin sauran, gabansa kuma allon gilashi ne. Babu jar sandar mai, babu gwajin magneto irin na Cessna. DA40 NG ɗin yana cikin jiragen da suka zo da Flight Simulator na 2020. Wato mai wannan burin yana iya samun abin da ya fi kusa da bukatarsa bai ƙara ko sisi ba. Shi kuwa mai son sanin yadda inji yake numfashi, wanda yake jin daɗin zama da bakanike, Comanche na A2A ya cancanci kuɗinsa.

Abu na ƙarshe da ya kamata in faɗa, kada wani ya ruɗi kansa. Awannin da ka yi a ɗakinka ba sa shiga lissafin lasisi, wannan sai na'urar da hukuma ta amince da ita a ƙarƙashin malami. Kujerarka ba ta motsi, ba za ka ji jirgi a jikinka ba. Malaman tuƙi ma sukan yi ƙorafin cewa ɗaliban da suka taso a simuleta suna kafe ido a kan agoguna su manta da leƙa waje, alhali darussan farko da kallon waje ake yin su. Amma bin jerin dubawa, karanta agoguna, lissafin mai da nauyi, sanin abin da za ka yi idan inji ya yi shiru, duk waɗannan ana koyon su a gida. Wanda ya je makaranta da su a kansa, awannin da yake biya da tsada ba za su tafi a neman inda maɓalli yake ba. Edwin Link ma abin da ya sa ya haɗa akwatinsa kenan, kuɗin darasi ne ya gagare shi.

Wanda ya gwada tashin Jos da tsakar rana, ya riƙe lambobin da ya samu, ya kwatanta da na littafin jirginsa. Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.